Shekarar da Mangwaron Inna Ya Yi Azumi

Ni da ƙafata na je na ɗauko mutumin da zai sare mangwaron Inna. Gara in faɗi haka tun da wuri, domin yanzu idan baƙi suka zauna a inuwarsa suna yabawa, na fi kowa zaƙewa, ina nuna musu rassa kamar ni na shuka shi. Matata takan dube ni ta wutsiyar ido, ni kuma in yi kamar ban gani ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, ba nisa da Abu Hujar. Gidanmu ba shi da wani faɗi, mangwaron kuma ya kame tsakiyarsa ya zauna daram. Shekararsa goma sha ɗaya a lokacin. Ya fi ɗakunanmu tsawo, ganyensa kore shar har da ƙyalli, amma ko fure ɗaya bai taɓa yi mana ba. Na maƙwabta da aka shuka a bayansa sun yi ta 'ya'ya har an gaji da su. Namu kuwa sai ganye, matata ta share da safe, kafin la'asar ya sake zubo mata wani.

Ni kuma diwan nake so in gina, ɗakin baƙi irin na kowane magidanci. Duk kaka 'yan'uwa sukan zo mana daga Hasahisa, in shimfiɗa musu a rakuba, wato rumfa, kusa da awaki, su ce ba komai, ni kuwa kunya ta hana ni sakewa. Na auna gidan ta kowace fuska, babu inda ɗaki zai shiga sai inda wannan ƙaton yake tsaye.

Abin da ya daɗe yana riƙe mini hannu shi ne Inna. Ita 'yar wani ƙauye ce ta wajen Rusairis. Mahaifinta yana da ɗan lambu a gaɓar kogi, a cikinsa akwai wani tsohon mangwaro da ta tashi tana sha. Sunan mahaifin nata aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Babana. Zuwanta na ƙarshe ganin gida, bayan rasuwarsa da daɗewa, ta tarar kogi ya ci gaɓar har ya kai gindin bishiyar, saiwoyinta duk a waje. Ta sha guda ɗaya, ta ƙulle ƙwallon a bakin mayafinta ta taho da shi. Da damina ta zagayo, bishiyar ta faɗa ruwa, lambun ma ya bi ta. Wannan ƙwallon shi ne ya zama mangwaron tsakar gidanmu, kuma shi kaɗai ya rage mata daga gidan ubanta.

Na san duk wannan. Amma mutum idan ya ƙwallafa rai a kan abu, yakan iya sanin magana ya ajiye ta gefe. Wata rana tana zaune tana yanka kuɓewar shanya na durƙusa na gaya mata abin da nake nufi. Ba ta ɗago kai ba.

"Gidanka na, Babana," ta ce. "Yi abin da kag ga ya hi."

Na ɗauki wannan a matsayin izini, alhali ko jariri ya san ba izini ba ne.

Ranar kasuwar Abu Hujar na tambayi wanda zai iya kada bishiya a tsakar gida ba tare da ta rushe ɗaki ba. Kowa ya nuna mini mutum ɗaya, wani dattijo Bahaushe ɗan'uwanmu da ake ce wa janaini, wato mai aikin lambu. Tun yana saurayi yake aiki a lambunan mangwaro da lemo na bakin kogi. Gajere ne, siriri, ba ya gaggawar magana. Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa, don haka tun a kasuwar na fara jin zai ba ni haushi.

Ya zo da hantsi a kan keke, ya ɗaure gatari da igiya da ƙaramin zarto a baya. Matata ta kawo jabana, wato gahawa, ya sha kofi uku a natse kamar wanda ya zo gaisuwar suna. Sannan ya tashi ya zagaya bishiyar. Ina jira in ga ya ɗaga kai ya duba inda za ta faɗi, sai na ga ƙasa yake kallo. Ya tsuguna ya cusa yatsa a gindinta, ya zaro, ya murza, har da sunsunawa. A lokacin damina ta ɗauke da kusan wata guda, ƙasar ko'ina ta fara tsagewa, amma yatsansa ya fito da taɓo.

"Wa ka ba wanga icce ruwa?" ya tambaye ni.

"Babu kowa," na ce. Kuma wallahi a sanina gaskiya na faɗa, don ba mu taɓa ɗaukar bokiti da sunan ban ruwa ba.

"Kwayyis, madalla. To, ba ni taɓa shi sai la'asar. Ba ni angareb in zamna."

Raina ya ɓaci. Na ɗauko mutum ya yi mini aiki, ya ce in ba shi gado. Amma dattijo ne, na jawo masa angareb ɗin, ni ma na zauna gefe ina kumbure-kumbure. Shi kuwa ido kawai ya sa. Idan wani abu ya faru sai ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu.

Ya fara taɓa ni a kan randunanmu biyu da ke gindin bishiyar don ruwa ya yi sanyi, suna ɗiga dare da rana. Can matata ta fito da ruwan wanke-wanke ta sheƙa a wurin, ya sake taɓa ni. Azahar ta yi, Inna ta fito da butarta ta tsuguna a gindin ta yi alwala. A gidanmu doka ce tata tun muna yara, ba a zubar da ruwan alwala a inda ƙafa take takawa, sai a gindin wani abu mai rai. Ƙawayenta tsofaffi uku da suke zuwa hira kullum su ma suka bi layi, kowace da butarta, domin sun san dokar. Ga awaki a ɗaure a wurin suna zuba masa taki. Ina cikin mamakin yadda ban taɓa lura ba, sai na ji ya taɓa ni da ƙarfi. Na duba, ashe ni ma na miƙe da buta a hannu, na nufi wurin.

Dariya ya yi har da riƙe ciki. Ni ma ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba.

"Wanga icce ba bakarare ba na," ya ce da ya huta. "Ƙoshi yay yi mai yawa. Kun ba shi ci, kun ba shi sha, bai taɓa sanin rani ya shigo ba. Mu a janena, can lambu, in damina ta ɗauke, azumi muka sa su. Ko ɗigo ba su gani sai sanyi ya hiddo da hure. Ka ba ni shekara guda, bawan Allah. In bai haihu ba, ni da kaina za ni kada maka shi."

Na buɗe baki zan ce ni diwan na kira shi ya share mini wuri, ba shawara ba. Sai na hangi Inna. Tun safe take yin kamar ba ta san abin da ya kawo baƙon ba, amma yanzu tana tsaye a bakin ƙofarta, ta riƙe carbi ba ta ja. Ban taɓa ganin ta roƙe ni wani abu ba, ranar ma ba ta roƙa ba, kallona kawai take yi. Kunya ta kama ni sosai.

"Shekara ɗaya," na ce. "Ba ƙari."

Janaini ya juya wajenta. "Ya Hajja, in kina so sai in yi mai aure da iri mai kyau, manya, marasa zare. Don iccen da anka shuka da ƙwallo, wani lokaci ba shi biyo uwatai."

"A'a," Inna ta ce da sauri. "Na gidanmu nika so, da zarenai da komi. In bai biyo ba, to, Allah bai nuhwa ba."

Washegari ya dawo ya hau. Ba takalmi, ba tsani, sai zarto a ɗamara. Ni na zaci aski zai yi masa ta waje, ashe tsakiya yake nufi. Ya ce rassan sun cushe, rana ba ta shiga, kuma yana so idan mutum ya tsaya a gindi da tsakar rana ya ga ɗigon haske a rigarsa. Kowane reshe sai ya fara ɗan yanka shi ta ƙasa kafin ya gama ta sama, don kada ya ɓalle ya yage ɓawo. Idan ya gama ya shafe wurin da laka. Duk reshen da ya faɗo sai Inna ta ce wayyo, shi kuma daga sama ya amsa mata da "Ma'alesh, Hajja, yi haƙuri." Haka suka yini, kamar masu amshi.

Muka kwashe randuna muka mayar rakuba, awaki suka koma bayan gida, ya haƙa ɗan lambatu da zai janye ruwan wanke-wanke zuwa waje. A ƙarshe ya ja layi da diddigensa ya kewaye bishiyar, daidai inda inuwarta take ƙarewa. Ya ce daga yau cikin wannan da'ira ko kurkurar baki kada a zubar.

Abin dariya, ni da na ɗauko mai gatari, ni na zama mai gadi. Da farko ba don son bishiyar ba ne. So nake idan shekara ta cika dattijon nan ya rasa abin da zai fake da shi. Na hana matata, na hana baƙi, har ƙawayen Inna na bi da lallashi na nuna musu gindin zogale a bakin zaure. Ɗaya daga cikinsu ta ce tunda take ba ta taɓa ganin gidan da aka kafa wa buta iyaka ba.

Bayan mako uku janaini ya biyo ya duba. Ya zagaya yana cusa yatsa, ko'ina a bushe, sai da ya zo ta gabas. Ya zaro yatsan ya nuna mini.

"Akwai mai karya mai azumi gidan ga."

Ban tsaya tunani ba na faɗa matata da faɗa, don ita ce mai ruwan wanke-wanke. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "In ka gama, yau kada ka yi barcin rana. Ka kwanta a rakuba ka rufe ido ɗaya."

Haka na yi. Bayan azahar gida ya yi tsit, zafi ya kwantar da kowa. Can sai ga Inna ta fito tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a cikin mayafi. Ta duba dama ta duba hagu, ta tsallake layin janaini, ta zauna ta jingina da bishiyar kamar mai shan iska. Ta fito da carbi tana ja da hannun dama, hannun hagu kuwa yana bayanta yana tuntsurar da buta. Har ina jin tana raɗa masa, "Sha maza, kada su gani."

Na rasa abin da zan yi, dariya ko kuka. Na taso na durƙusa a gabanta. Ba ta ko ɓoye butar ba.

"Inna, ke ce fa ake yi wa wannan aikin."

"Na sani, Babana. Amma dubi kunnuwanai, duk sun langaɓe. Tun da nike ban taɓa hana ma mai ƙishi ruwa ba. Da tsuhwana za ni hwarawa?"

Ba a yi wa uwa tsawa, kuma ko ana yi, ba a kan wannan ba. Na ɗauki butar na raka ta ɗaki, na je na ba matata haƙuri, ta karɓa bayan ta ja mini rai har magariba.

Da na gaya wa janaini na ɗauka zai ce ya cire hannunsa. Sai ya gyaɗa kai kawai, ya ce shi ma laifinsa ne, ya yi wa icce magani ya manta da mai iccen. Kwana biyu sai ga shi da ɗan dashen lemun tsami a cikin gwangwani, bai fi taƙi ɗaya ba. Ya kai shi can lungun bayan madafa, inda saiwar mangwaron ba ta kaiwa, ya dasa. Sannan ya zo ya tsuguna a gaban Inna.

"Ya Hajja, ga amana na kawo miki. Wancan ƙaramin, in yay yini bai sha ba, mutuwa za shi yi. Ruwan alwalarki duka nashi na."

Inna ta harare shi. "Wayo za ka yi min?"

"Wayo na, wallahi," ya ce. "Amma gaya min, ɗiya nawa kin ka yaye?"

"Bakwai."

"Sun yi kuka?"

"Wanga ma da kaka gani," ta nuna ni da baki, "kwana tara yay yi yana tsala ihu."

"Kin mai da shi ga nono?"

Inna ta fashe da dariya har tana share ido. Ni dai ban ga abin dariya ba a lokacin, tunda da ni aka yi misali a gaban matata.

Daga ranar butar Inna ta koma wajen lemo. Amma ta sa na juya mata angareb ɗinta ya ba mangwaron baya, ta ce ba za ta iya kallo ba. Gaskiyarta kuwa. Ƙasar da'irar ta tsage har hannu yana shiga, ƙyallin ganyen ya tafi, wasu suka yi rawaya suka zube. Ni kaina tsoro ya fara kama ni, kada mu je neman 'ya'ya mu kashe mata shi gaba ɗaya. A nan na gane diwan ya fita daga raina. Wata rana na tsinci kaina a bakin layin da sauran ruwa a buta, ina dube-dube. Sai na ji matata ta yi gyaran murya daga madafa. Na wuce wajen lemo kamar dama can na nufa.

Sanyi ya shigo. Wata safiya ina shan shayi matata ta ƙwala mini kira, irin kiran da na ɗauka maciji ta gani. Ta nuna mini kan rassan da ke fuskantar kudu. Sun kumbura, sun fito da wasu tsinkaye ja-ja, kuma ba su yi kama da sabon ganye ba. Na ce kada a gaya wa Inna tukuna sai mun tabbata. Ashe tana bayanmu. Cikin mako biyu bishiyar ta rufe da fure, ƙamshi ya cika gidan, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. Inna da kanta ta ja angareb ɗinta ta juyo da shi, ba ta jira ni ba.

Na hau mota na je na kira janaini, ina ta zuba masa labari a hanya kamar ni na ƙirƙiro dabarar. Ya duba, ya ce tamam, ya yi daidai, amma a ƙara haƙuri, idan aka ba shi ruwa yanzu furen zai zube. Sai 'ya'yan sun ƙulla sun kai ƙwayar gujiya. Inna ta ce wannan mutum ba shi da tausayi ko kaɗan, ta kuma sa aka dama masa fura mai yawa.

Ranar da suka ƙulla, ya cika bokiti da kansa, ya kawo ya ajiye a gabanta.

"Bismilla, Hajja. Ke za ki buɗe mai baki."

Bokitin ya fi ƙarfinta, na kama mata gefe ɗaya. Muka tsallake layin tare muka zuba. Ƙasar ta shanye nan take tana ƙara. Ƙawayenta uku suna tsaye da butocinsu, ɗaya ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban ɓoye ba.

Saura abu ɗaya, wanda ba mai faɗa amma kowa yana tunani: ko zai biyo uwarsa. Da yawa daga 'ya'yan sun zube tun suna ƙanana, janaini ya ce haka haihuwar fari take. Waɗanda suka tsaya suka yi ta girma a hankali har zafi ya kankama. Wata rana da hantsi ya zo da doguwar gora mai ɗan buhu a kai, ya zaɓi guda ɗaya da ya fara rawaya ta wajen hanci, ya tsinko ya miƙa wa Inna.

In faɗi gaskiya, ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan ƙarami, irin wanda a kasuwa ake tarawa tsibi-tsibi a ƙasa. Ni da matata muka dubi juna. Duk wannan azumi da gadi da faɗa a kan wannan?

Inna ta wanke shi. Ta murza shi a tsakanin tafukanta har ya yi laushi, ta ciji kan ta tofar, ta kafa baki ta tsotsa. Ta rufe ido. Ruwan ya biyo hannunta har gwiwa, ba ta goge ba. Ta daɗe a haka, ni kuwa na ƙura mata ido. Janaini ma da ba ya damuwa da komai ya daina naɗe igiyarsa.

"Shi na," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Wallahi shi na. Har ɗan tsamin nan na kusa ga ƙwallo."

Ta shanye shi tas, ta suɗe ƙwallon har ya yi fari, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. Hawaye yana zuba tana dariya, mu ma muka taya ta duka biyun. Haƙoran Inna a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, amma zaren ya samu inda ya maƙale, tana ta taɓa shi da harshe. Na karyo tsinke daga tsintsiya na miƙa mata.

Ta ture hannuna.

"Bar min shi, Babana," ta ce. "Na daɗe ban ji shi a bakina ba."